Rawar Sabon Gero a Tsaye Take Ƙarewa

Zuwa ga 'yata Zuwaira,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Yamai lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da direba mai gaggawa, ya kuma tsare ki daga mutumin da zai tarbe ki da fara'a alhali yana auna ki da ido. Na cusa takardar ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawar da Gwaggonki Talatu ta ɗaure miki, don na san ba za ki kwance shi ba sai kin isa kin nemi kaɗa miya. Da gangan na yi. Wata biyu kina gida, kullum in ce yau zan faɗa miki, bakina ya ƙi buɗuwa.

Da hannuna na rubuta, rubutun 'yan yaƙi da jahilci ne, ki yi haƙuri da shi. Ban kai wa mai rubuta wasiƙu na bakin kasuwa ba. Abin da mutumin nan ya rubuta da safe, kafin la'asar mai shayi ya haddace shi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da baro shi ba. Magana ɗaya ce. A cikin littafin nan da kika yi shekara biyar kina rubutawa kan raye-rayen ƙasarmu, wanda saboda shi jami'a ta ɗauke ki koyarwa, akwai ƙarya, kuma ni na saka ta. Durƙuson da kike yi a ƙarshen rawar sabon gero, wanda kika raɗa wa durƙuson godiya, kika rubuta cewa mahaifiyarki Laure ta fi kowa iya shi, babu shi cikin rawar. Ba wanda ya taɓa yin sa kafin ranar da aka ɗauki fim ɗin nan da kika samo. Ga shi kuma an aiko miki takarda mai tampo, wato hatimin hukuma, wai wata mai zuwa ki je ki yi shi gaban manya da baƙinsu. Shi ya sa shirun ya ishe ni.

Bari in ɗauko miki tun daga tushe. Kina da shekara uku, muna ƙauyenmu na hanyar Tsauni, ba mu dawo cikin Matameye ba tukuna. Ni ne mai gangar gari, gadon ubana. Soja ke mulki, kamar yanzu. Ruwa ya ɗauke tun gero bai kai ƙugu ba, kamar bana. Rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, har ɓerayen suka gaji suka tafi. Anza muke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya ragu, sai ganyen jiga da dusa in an samu.

Ana haka sai ga ɗan saƙo a kan babur daga biro, wato ofishin Kwamanda, babban da soja suka ɗora kan yankinmu. Ya ce baƙi za su zo daga Yamai, har da Turawa, su ga halin da ƙasa take ciki, a tarbe su da kiɗa da rawa. Maigari ya aika aka kira ni. Kin san abin da kunnena ya ji cikin saƙon nan duka? Cewa duk makaɗan da ke tsakanin Kance da Tsauni, ni aka zaɓa. Kaina ya kumbura. Ban tambayi su wane ne baƙin ba, ban tambayi abin da suka zo dubawa ba, ballantana abin da za su rubuta in sun koma. Na tafi gida na hau ɗaure fatar ganga ina fito, alhali ba a hura wuta a gidan ba ranar.

To ke ki tambaya. Duk wanda ya kira ki rawa, kafin ki ɗaura zane ki san wa zai zauna a kujerun gaba, da takardar da zai sa wa hannu in ya tashi daga kallon. Takardar nan taki mai tampo, ni dai ban yarda da ita ba. A shekarar da matan ƙauye suka fara fita neman anza tun kafin sanyi ya shigo, wa ya tuna da rawar sabon gero, kuma don me? Kin ce mini mutanen kirki ne, masu kishin al'ada. Allah ya sa. Wancan Kwamandan ma ban taɓa jin ya zagi kowa ba, har gaishe da tsofaffi yake yi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni. Maigari ya tambaye ni wane kiɗa za a yi, na ce na sabon gero, don shi ne abin da muka fi kowane gari iyawa, kuma Laure ce ke jan gaba. Gwaggonki Talatu tana cikin masu rawar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Illa, ina geron?" Na daka mata tsawa gaban mutane, na ce ba a nuna wa baƙo gindin tukunya, mu ba mabarata ba ne. Maza suka gyaɗa kai, har da Liman. Kowa kunyar yunwarsa yake ji, sai ka ce shi ya hana ruwa sauka.

Ki saurara in gaya miki yadda rawar take ta gaskiya. In an gama kwaso dammuna an sussuke na fari, kowace mace takan cika ƙwaryarta da sabon gero har baki, ta ɗora a ka ba riƙo. Ƙafa na dukan ƙasa, ƙugu na aiki, wuya kuwa ko motsi. A ƙarshe kowace ta kai hannu ta dumtso gero, ta watsa sama rabon tsuntsaye, ta juya wa makaɗi baya ta nufi gida a tsaye. Ke da kika yi karatu har Turai, ki ɗora cikakkiyar ƙwarya a kanki ki gwada durƙusawa mana. Geron zai zube, kuma macen da ta zubar da sabon gero a fili sai ta shekara ana yi mata waƙa a bakin rijiya. Da kin tambayi ƙwaryar, da ta gaya miki abin da ubanki ya ɓoye.

Mu kuwa ƙaiƙayi da tsumma muka cusa cikin ƙoren. Muka bi gida gida muna karɓar tafi ɗaya daga irin shuka da mutane suka ɓoye, muka barbaɗa a sama ya rufe. Mata suka ciro zannuwan aurensu daga ƙasan adaka, suka shafe hannu da ƙafa da ɗan man da ya rage don kada a ga fata ta yi fari. Yaran da cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja, aka tara su a wani ɗaki bayan gidan Maigari tare da tsofaffin mata, aka jawo ƙyaure. Ke ma kina cikinsu. Ni na ɗauke ki na kai ki.

Saboda haka in kin tsaya gaban ɗalibanki kina nuna musu fim, ki gaya musu na'ura inda aka juya ta kawai take gani. Su riƙa tambayar abin da mai rawa ta ci ranar, da abin da ke ƙasan ƙwaryarta. In gari ya yi musu ado ya fito, su nemi wanda aka rufe a ɗaki. Ni na san yadda ake shirya wa mai kamara gari, na shirya guda da hannuna.

An ce mana baƙi da hantsi za su iso. Sai bayan azahar muka ji ƙugin motocinsu. Duk tsawon lokacin nan mata suna tsaye a rana da ado, ba a bar su sun zauna ba don kada zane ya kwashi ƙasa. Daga baya Talatu ta gaya mini Laure tun jiyan ranar ba ta sa komai a bakinta ba, nata rabon ke ta ba. Ban faɗi wannan don ki ɗora wa kanki ba, kowace uwa a garin haka ta yi. Na faɗa don ki san da wace ƙafa ta shiga fili.

Akwai abin da mu makaɗa muke kira rufi. Ubana ya koya mini shi da bulala tun kafin in iya ɗaura wando da kyau. In mai rawa ta yi tuntuɓe, ko zanenta ya kwance, ko ƙafarta ta saɓa, makaɗi ba ya barin ta ji kunya. Nan take zai juya kiɗan ya bi kuskuren, har 'yan kallo su ɗauka salo ne. Da shi ake gane makaɗin ƙwarai, kuma ba yabon kai ba, a rufi ban san wanda ya kamo ni ba a ƙasar nan.

A zagaye na uku na ga ƙafar Laure tana zuwa bayan ganga. Na ɗan sassauta. Ana dab da watsa gero sai gwiwoyinta suka saki. Ƙwaryar ta zamo daga kanta, ta cafe ta da hannu biyu ta manna a ƙirji, bakin ƙwaryar na fuskantar jikinta don kada ƙaiƙayin ya zube gaban baƙi. Ta kai ƙasa kan gwiwa, kanta a sunkuye. Abin da kika rubuta shafi uku a kansa ke nan, kika ce miƙa amfanin gona ne ga Mai Bayarwa.

Hannuna ya riga kaina. Na sauke kiɗan ƙasa, na ja shi a hankali, na ɗaga murya na ce a gode wa Allah, na yi wa sauran matan ido. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa, da ma ƙafafunsu nema suke. Baƙi suka miƙe tsaye suna tafi. Baturiyar da ke riƙe da kamara har share ido take yi. Kwamanda ya taso ya ba ni hannu gaban jama'a. Talatu da wata maƙwabciyarmu suka kama Laure ta hammata suka ɗaga ta, ni kuwa ina bin su da kiɗa har suka shige lungu, kamar haka aka tsara.

Da na koma gida na tarar da ita kwance a tabarma. Ta buɗe ido ta ce, "Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka." Zuwaira, wallahi daɗi na ji. Ranar ina ganin ban taɓa kiɗa mai kyau irin wannan ba.

Bayan kwana kaɗan manyan motocin abinci suka fara wucewa ta hanya. Muna jin su, muna fitowa, suna wucewa. Maigari ya je biro aka ce ya yi haƙuri, sunan garinmu yana can ƙasan takarda. Wata ranar kasuwa na haɗu da ɗan saƙon nan mai babur a Matameye. Ya dafa kafaɗata yana dariya, shi a ganinsa yabo yake, ya ce baƙi sun yi ta zancenmu a mota, sun ce garin da har yanzu ke da geron rawa zai iya jira. Ban ga takardar da idona ba. Mai yiwuwa ƙarya ya yi, mai yiwuwa da wani dalili aka bar mu baya. Shekara ashirin da wani abu ina juya maganar nan ban samu inda zan ajiye ta ba. Abin da na sani, zawo da zazzaɓi suka shigo gari, suka tarar da jikin da ba shi da abin tarewa. Ranar da motar abinci ta tsaya a bakin garinmu, Laure ta kwana tara a kabari. Malam ya ce ajali ne, kuma na yarda ajali ne. Amma ganga a hannuna take, ba a hannun Malam ba.

Da na ajiye gangar nan na ruga na ɗaga matata, da ƙwaryar ta kife ƙaiƙayi ya watse gaban kujerunsu, da sun ga abin da suka zo gani. Rufi na zane ne da tuntuɓe. In mutum ya faɗi, tsayawa ake yi. Ki riƙe wannan a fili, ki riƙe shi a aji. Kuma kada ki yarda da tafi. Ni an yi mini tafin da ba a taɓa yi wa ubana ba, kin ji abin da ya biyo baya. Manya suna son mai rawa ƙwarai a shekarar da ba su da amsa, don idon baƙo ya samu wurin sauka. Kada ki bari a yi rufi da ke.

Saura na ƙarshe, wanda ya fi hana ni sakewa, don shi ba yunwa ta sa ni ba. Shekara uku da suka wuce kika dawo hutu da ordinatarki, wato kwamfutar nan taki, kika ajiye ta kan tabarma a zaure, kika ce kin tono wani tsohon fim a ɗakin ajiya can Turai. Kika nuna da yatsa kika ce, "Baba, ga Inna." Tun da kika yi wayo ba ki taɓa ganin fuskarta tana motsi ba sai ranar. Sau huɗu kika maimaita wurin durƙuson. Sannan kika kunna 'yar na'urarki mai jan ido ta ɗaukar magana, kika tura ta gabana, kika tambaye ni ma'anarsa.

Na dubi fuskarki na ga yadda take haske, sai hannun makaɗi ya sake riga kansa. Na ce tsohon abu ne tun kakanni, godiya ce. Har na ƙara gishiri, na ce gabas ake fuskanta. Ina gabas? Inda ta faɗi ke nan. Kika rubuta, kika yi mini godiya, kika sa sunana a littafi.

Da kika je wurin Gwaggonki ta ce miki ta manta, kanta ke ciwo. A nan ya kamata ki tsargu. Talatu ta manta? Matar da har gobe tana iya gaya miki launin akuyar da ta ci mata wake shekarar da aka yi mini kaciya? Shiru ta yi don ba ta son shiga tsakanin uba da 'yarsa, amma wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Bara kuma kika tara 'yan mata a filin lakwal, wato makarantar boko, kika koya musu. Yanzu duk bikin da aka yi a Matameye sai in ga yara suna zubewa kan gwiwa da ƙwarya a ƙirji, suna murmushi, iyayensu na guɗa. Nakan ce fitsari ya kama ni in bar wurin.

Don haka kada ki yarda da tsoho in na'ura tana kunne, ko da ubanki ne. Tsoho yana karanta fuskar mai tambaya, ya ba shi abin da zai sa ta yi haske. Ki tambaye shi yau, ki kashe na'urar ki sake tambayarsa jibi, sannan ki zagaya ki tambayi 'yar'uwarsa, musamman in ba sa shiri. Kuma ina zargin ba ni kaɗai na yi miki haka ba. Dattijon nan na Kance da ya cika miki kaset biyu kan rawar maharba, tare muka tashi. Ko zomo bai taɓa kamawa ba, kare ma tsoro yake ba shi. Ki koma ki sake tankaɗe abin da ya ba ki.

Na san abin da nake ɗora miki ba ƙarami ba ne. Kin ce babban malaminki wannan babin ya fi so, har yana karanta wa mutane shi a taro. Ina zaton in kin kai masa maganar zai ja ki gefe ya ce ki bar ta haka, an riga an buga, wa zai sani. Ki lura da fuskarsa sa'ad da yake faɗa, don sunansa ma yana jikin littafin. Akwai kuma waɗanda tun yanzu suke cewa a bayan idonki me 'yar makaɗa za ta koyar a jami'a. Za su samu abin taunawa, su ce in wannan ƙarya ne sauran fa. Aikin sabo ne, ko kujerar ba ki ɗumama ba. Ban san yadda ake auna irin wannan a wurinku ba, ba zan ce miki ba abin da zai faru ba.

Amma ke yanzu bakinki ba naki ke kaɗai ba ne. Abin da kika faɗa a aji, ɗalibai za su kwashe shi su kai lakwal lakwal har inda ba ki taɓa takawa ba. Cikin waɗanda suka san rawar nan a tsaye take ƙarewa, ni da Talatu muka rage, kuma kin ji irin tarin da take yi. In muka tafi, faɗuwar uwarki ta zama al'ada ke nan, a riƙa yi mata tafi duk shekara.

Ban ce kada ki je taron ba, ke ba yarinya ba ce. In za ki je, ki ce su cika miki ƙwarya da gero na gaske har baki, ki gani ko za a samo shi bana ba tare da an ciro daga bakin wani ba. Ki yi rawar ki ƙare ta a tsaye. In kuwa kin zaɓi ki durƙusa, to ki tsai da kiɗan, ki juyo ki gaya wa na kujerun gaba sunan matar da ta fara yin sa, da abin da ke cikin ƙwaryarta, da abin da ake ci a ƙauyenmu yau. In sun yi tafi bayan wannan, ki rubuto mini.

In kin zo hutun salla ki taho da na'urarki. Talatu ta yarda za ta yi magana, ta ce da sharaɗin in zauna in ji da kunnena ba tare da na buɗe baki ba. Ni kuma zan kaɗa miki ƙarshen rawar yadda ubana ya bar mini shi, hannun bai mutu ba tukuna.

Kafin nan ki sake kunna fim ɗin. Wannan karon kada ki dubi Innarki. Ki dubi gefen dama, can ƙarshe, inda rabin mutum ya fito da ganga a kafaɗa. Ranar da kika nuna mini, ke kina kallonta, ni shi nake kallo. Tun daga lokacin da gwiwarta ta taɓa ƙasa har aka ɗauke ta, ko sau ɗaya bai dube ta ba. Baƙi yake kallo, yana murmushi. Ita ban samu na roƙe ta gafara ba, don ta tafi tana ganin alheri na yi mata. Ke nake roƙo, in kin iya.

Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce kada ki bar daddawar a rana. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin mai mulki da na mai yabo, ya sanya albarka a ƙafarki da alƙalaminki. Allah ya jiƙan Laure, ya ba mu damina mai albarka. Ke kuma duk inda za ki yi rawa, Allah ya haɗa ki da makaɗin da zai ajiye ganga in kin faɗi.

Ni ne mahaifinki,
Illa mai ganga, Matameye